Zafin Man Sitiyari: Abin Da Tsohuwar Akori-Kura Ta Koya Mana

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na goro ya gabatar a taron wata-wata na masu motoci da direbobi a nan Sabo, Badun.

 

Da aka ce mu ne za mu yi magana yau a kan mota, sai da muka yi dariya, domin kowa a nan ya san mu ba kanikawa ba ne. Goro muka tarar ana yi a gidanmu, shi muka sani. To amma akwai karatun da ba a yin sa a gaban malami, aljihu ne ke biya wa mutum shi, kuma irin wannan karatun ba ya mantuwa. Abin da za mu faɗa muku ke nan, watau yadda man sitiyari ya kusa raba mu da mota, ya kuma kusa raba mu da direban da ya shekara goma sha ɗaya tare da mu.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna zamanin Fijo 404 da 504, musamman bayan da aka fara harhaɗa su a Kaduna a 1975. Yawancin akori-kurar wancan lokaci ba ruwansu da wani man sitiyari, damtsen direba shi ne komai. In ka ga direba da ƙirji kamar ɗan dambe, to ka san abin da yake tuƙawa. Daga baya aka shigo da motocin Japan irin su Hilux masu sitiyarin fawa, wanda ko yaro zai murza da hannu ɗaya. Muka ji daɗi, muka saya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi abin da ke sa sitiyarin ya yi laushi. Yau ga shi waɗannan motoci sun tsufa a hannunmu, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki darajar naira a 2023, maganar sabuwar mota ta fita daga bakin ƙaramin ɗan kasuwa. Tsohuwar da ke hannu ita za a lallaɓa.

Tamu mai dizal ce, ta haura shekara 25. Ita ke shiga mana ƙauyukan goro ta wajen Ife da Ilesha da Ondo, ran da ba tafiya kuma ta yi jigilar albasa daga Bodija zuwa cikin gari. A cikin shekara ɗaya da rabi sau uku muna sauya mata famfon sitiyari. Kullum labarin ɗaya ne. Da safe lafiya lau, sitiyari kamar auduga. Da an shiga cunkoson Iwo Road ko na Ojoo, rana ta take, sai a fara jin wani kuka daga gaba kamar injin markaɗe ya ƙare ruwa, sitiyari kuma ya riƙa yin tauri yana saki. A kai gareji, a ce famfo ne. A sayo wani, a ɗaura, a yi wata biyar ko shida, a koma gidan jiya.

Mu kuwa da ba mu san dawan garin ba, sai muka ɗora wa direba. Muka ce sakaci ne, ba ya duba mai. Har wani ya raɗa mana cewa wataƙila haɗa baki yake da bakanike. A karo na biyu sai da muka yanke masa wani abu daga cikin kuɗinsa. Bai ce uffan ba, amma mun ga fuskarsa.

Ranar da abin ya kai intaha, suna dawowa ne daga ƙauye da lodin ɗanyen goro, gab da magariba, cikin damina. A daidai wata kwana tiyon mai ya fashe. Man ya fesu a kan bututun hayaƙi, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, a lokaci guda kuma sitiyari ya ƙage. Direba ya ce da hannu biyu da ƙafa ya tokare kafin ya shawo kanta a bakin kwalbati. Allah ya tsare, wuta ba ta tashi ba, amma da kaɗan ne, domin man nan yana kamawa in ya samu ƙarfe mai zafi. Suka kwana a daji. Babbar motar da za ta ɗauki kayan zuwa Arewa ta yi lodi da asuba ta tafi ba mu. Duk wanda ya san goro ya san ba ya son jira, ba ya son zafi. Da aka kwance huhunan, abin da muka tsince muka zubar ya fi kuɗin famfo uku ɗin nan gaba ɗaya.

To a nan ne wani maƙwabcinmu ya kai mu wurin wani dattijon bakanike, Bayarabe, wanda kowa ke kira Baba. Shi bai ko kalli famfon ba da farko. Murfin ɗan tankin mai ya buɗe, ya shinshina, ya ɗiga man a kan farar takarda, ya miƙo mana. Man da ya kamata ya zama ja kamar zoɓo, sai ga shi baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar man tuyan da aka kwana uku ana soya ƙosai da shi. Ya ce da mu da 'yar Hausarsa: "Alhaji, ba famfo ke cin kuɗinka ba, wuta ke ci. Ko sabo fil ka ɗaura, in ba ka kashe wutar ba, haka za ta dafa shi."

Bari mu faɗa muku yadda ya warware mana, kuma mun bi diddigi daga baya mun tarar haka abin yake.

Famfon nan fambel ne ke juya shi, saboda haka muddin inji na aiki, shi ma yana tura mai, ko ana murza sitiyari ko ba a murzawa. In mota na tafiya miƙe, man zagayawa kawai yake ya koma tanki, ba wahala. Da direba ya murza, sai wani bawul a cikin akwatin sitiyari ya karkatar da man ya danna fistin, fistin ɗin ya taya direba tura tayoyi. Ƙarfin da man ke dannawa da shi ba na wasa ba ne. Kun san in mai faci zai busa mana taya, 40 ko 45 yake tsayawa a ma'auninsa. To a wannan ma'aunin dai, man sitiyari yakan haura 1,000 in aiki ya yi tsanani. Duk abin da aka matsa haka kuwa dole ya yi zafi. Sa'an nan man duka-duka bai wuce kamar lita ɗaya ba, shi ke ta zagaye, ba shi da wurin shan iska sai jikin tiyo da ɗan tanki, ko wani ɗan lanƙwasasshen bututun ƙarfe da wasu motocin ke da shi a gaba, wanda a tsohuwar mota sau da yawa tsatsa ta cinye shi, wani bakanike ya yanke ya haɗe tiyo kai tsaye. Tamu haka muka tarar an yi mata tun kafin ta zo hannunmu.

Man nan yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80, ƙasa da tafasar ruwa ke nan. In ya riƙa haura 120, sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ya daina shafe ƙarafan cikin famfo yadda ya kamata, su riƙa cin juna. Robobin da ke tare mai su bushe su yi tauri, yoyo ya fara. Tiyo ya dahu daga ciki, a waje kana ganin sa lafiya, sai ran da ya ga dama ya fashe. Da mai ya ragu, famfo ya zuƙi iska, man ya yi kumfa, wannan kukan da muke ji ke nan. Masu harkar mai suna da wani ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan ƙa'ida yana rage kwanan mai da kusan rabi. Ku lissafa da kanku.

Yanzu fa mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan'uwa. Masu ƙera motar nan ba su yi kuskure ba. Sun auna ta ne a kan kaya kamar tan ɗaya, da taya irin wadda suka sa mata. Mu ne muke ƙara mata sifirin, mu ɗaura mata manyan tayoyi don shiga laka, mu yi mata lodi har saman kan direba, yaran mota biyu su ɗare bisa. Ko ba haka ba? Sa'an nan mu tura ta cikin Bodija, inda kafin ka juya sai ka yi gaba da baya sau bakwai, mota a tsaye ana murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ba abin da ke dafa mai kamar wannan. In mota na gudu a kan kwalta, sitiyari ba ya shan wahala, iska kuma na kaɗawa. A tsaye da lodi, ko a cikin taɓo, nan ne famfo ke ba da duk abin da yake da shi, iska kuwa babu.

Maganin da Baba ya yi mana, da muka gan shi sai da muka raina shi. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne, bai fi faɗin littafin makaranta ba, kanikawa na ce masa kula. Irin wanda ake sa wa man giya a motoci masu sauya giya da kansu. Ana samun sabo, ana samun tokumbo a Gate, masu zuwa Ikko kuma akwai shi a Ladipo. Kuɗinsa da na aiki ba su kai rabin kuɗin famfo ɗaya ba a lokacin da muka yi. Aikinsa kawai mai ya ratsa ta cikinsa iska ta buge shi kafin ya koma tanki.

Sai dai a nan ne muke roƙon ku kasa kunne da kyau, domin inda ake yin ɓarna ke nan. Tiyo uku ne a wurin. Akwai mai kauri gajere da ke kai mai daga tanki zuwa famfo. Akwai wanda ya fito daga famfo zuwa akwatin sitiyari, shi ne mai ƙarfin 1,000 ɗin nan, za ku gane shi da bakinsa na ƙarfe da aka matse da inji, ana ɗaure shi da noti. Sai na uku wanda ke dawo da mai daga akwatin sitiyari zuwa tanki, shi kilif kawai ke riƙe da shi, domin ba ƙarfi a cikinsa. Kula a kan wannan na ukun ake sa ta, shi kaɗai. Wanda ya sa ta a kan na biyu, murzawar farko za ta tarwatse. Wanda ya sa ta a kan na farko kuma ya shaƙe wa famfo wuya, zai kashe shi da yunwa. In ka ga bakanike yana juya tiyo yana tunanin wanne ne wanne, ka ce masa ya bari, ka ja motarka.

Wurin ɗaurawa shi ne gaban lagireto, inda fankar inji ke zuƙo iska. Dalili, a cikin cunkoso ba iskar gudu, fanka ce kaɗai ke aiki, kuma a cunkoson ne ake bukatar kular. Mun ga wanda ya ɗaure tasa a gefen inji kusa da batir don gudun doguwar tiyo. Wannan ado ne kawai. A yi mata 'yan ƙafafu na ƙarfe a ɗaure da noti a jikin mota, a bar ɗan tsakani, kada a soke igiyar roba ta cikin tsohon lagireto, domin gargada za ta sa ta huda shi, ka je neman sanyin mai ka rasa ruwa. Kada kuma ta fi tanki tsawo, don iska kada ta maƙale a ciki. Kuma ba girma ne magani ba. Wani zai ce tun da ƙarama ta yi amfani bari in sa babba. Babbar za ta tare wa lagireto iska, inji ya fara zafi, an gudu ba a tsira ba.

Tiyo ma abin dubawa ne. A sayi wanda aka yi don man giya mai zafi, daidai faɗin na asali, yawanci milimita 10 ne. Ba tiyon ruwa ba, ba na fetur ba, balle wannan fari da ake ban ruwa da shi, wanda wallahi mun gan shi da idonmu a wata mota. Araha ba ta ado. A bi da shi nesa da bututun hayaƙi da fambel, kada ya karye a kwana, duk inda zai gogi ƙarfe a naɗa masa roba. Kilif na ƙwarai a kowane baki. Idan kuma tokumbo aka sayo, a wanke cikinta sosai a busa mata iska har ta bushe, domin ba ka san abin da ya kashe motar da aka ciro ta ba. In giyarta ce ta niƙe, garin ƙarfen na nan a ciki yana jiran famfonka.

Bayan an ɗaura, tsohon man nan baƙi a zubar da shi gaba ɗaya, a wanke ragar da ke gindin tanki, domin ita ma takan toshe. Sabon mai kuwa a karanta abin da aka rubuta a kan murfi. Yawancin tsofaffin akori-kurar Japan jan man giya suke sha, wanda ake rubuta Dexron a jikin galan. Wasu motocin nasu daban ne, saboda haka ba a ara daga maƙwabci. Baƙin mai ba ya yi. Man birki kuwa guba ne a wurin, yana kumbura robobi ya lalata su, duk da haka akwai yaran motar da in suka ga tanki ya yi ƙasa, abin da ke kusa shi suke zubawa. A tanadi mai fiye da na da, saboda kula da sabon tiyo su ma za su sha nasu.

Cire iska shi ne aikin ƙarshe, kuma shi ne wanda kanikawa masu gaggawa ke tsallakewa. A ɗaga gaban mota da jak, inji a kashe, a murza sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, ana ƙara mai duk lokacin da ya sauka. Sa'an nan a tayar da inji a sake. In an ga kumfa a kashe, a jira ta kwanta. Baba ya ɗauki kusan rabin awa a kan wannan kaɗai, muna tsaye muna duba agogo, shi ko a jikinsa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mun ce kula maganin komai ce. Famfon da ya riga ya cinye kansa, kula ba ta tashin matacce. In fambel ya saki, ko taya ba iska, ko gaɓoɓin ƙafar mota sun bushe ba giris, sitiyari zai yi tauri ko da ƙanƙara ka zuba masa. A fara duba waɗannan. Haka nan wanda motarsa ba ta ɗaukar kaya, daga gida sai ofis, man sitiyarinsa ja ne garau, ya bar kuɗinsa a aljihu. Sababbin motocin da sitiyarinsu na lantarki ne ma ba su da man balle a sanyaya. Mai bukata shi ne wanda ya ga alamun nan: da safe shiru, da rana kuka, mai yana baƙi da wuri, yana ƙauri. Kada a gwada zafin da hannu, hannu ba ya jure abin da ya wuce digiri 60, zai ƙone ka ne kawai bai gaya maka komai ba. Akwai ɗan ma'auni da ake haskawa daga nesa, wasu kanikawa na da shi. A auna jikin tanki nan take bayan an fito daga kasuwa da lodi. A shawararmu, da ƙungiya za ta sayi guda ɗaya a ajiye a ofis, da ya ishe mu duka.

Direbobi, saura ku. In ka murza sitiyari ya kai ƙarshe, kada ka danne shi a nan. Wannan shiiii ɗin da kake ji, wani bawul ne ya buɗe don kada tiyo ya fashe, kuma duk ƙarfin famfo a lokacin zafi yake komawa. Daƙiƙa biyar ma ta yi yawa, ka ɗan sassauta kaɗan ya isa. Ka bari mota ta ɗan motsa kafin ka murza, ko da taku ɗaya ne. In ka dawo daga ƙauye cikin damina, ka wanke lakar da ta liƙe a kular, domin kular da laka ta rufe da ita da babu duk ɗaya. Kowace safiya in kana duba ruwa da baƙin mai, ka buɗe wannan murfin shi ma, ka ga launi, ka shinshina. In kuwa tsautsayi ya sa fawa ta ɗauke kana tafe, ka sani sitiyari bai tsinke ba, nauyi kawai ya yi. Ka riƙe da hannu biyu, ka rage gudu, ka nemi gefe, ka kashe inji da wuri don famfo kada ya yi ta juyi a bushe.

Mu kuma masu motoci, in direba ya ce mota na kuka, a ba shi kuɗin mai a ranar. Namu direban sau biyu yana gaya mana man yana baƙi, muna ce masa ai ba a daɗe da zubawa ba. Da Baba ya gama bayani, a gaban yaran gareji muka kira shi muka ba shi haƙuri, muka mayar masa da abin da muka yanke, muka ɗora masa wani abu a kai. Yana nan zaune a cikinku, ba za mu nuna shi ba don kada ya ji kunya.

Yau damina biyu ke nan da famfo ɗaya. Mai muna sauya shi sau ɗaya a shekara, kafin kakar goro, kuma in an zubo shi da sauran jansa. Mun rage manyan tayoyin nan mun koma kusa da na asali. Lodi kam, ba za mu yi muku ƙarya ba, har yanzu muna ɗan wuce ƙa'ida, amma ba kamar da ba.

Motar tana waje a bakin ƙofa, mun sa an zo da ita takanas. In an tashi direba zai buɗe bonet, duk mai so ya leƙa ya ga inda aka ɗaura kular da tiyon da aka yanka, tun da gani ya kori ji. Tsohon tiyon da ya fashe ma mun ajiye shi, an tsaga shi biyu, ku taɓa cikinsa ku ji yadda ya dahu.